Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tsara Dokokin Hanya: Yaron Da Ke Kan Cinya Fa?

Zuwa ga 'yan majalisa masu tsara dokokin hanya, da shugabannin hukumomin kiyaye haɗura, da masu ba da lasisin tuƙi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ina kuma roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku. Ni malamin koyar da tuƙi ne. Na haura shekara 20 ina zaune a gefen 'yan koyo, ina ta faman “sassauta”, “duba madubi”, “ba shi hannu ya wuce”. Ban taɓa rubuta wa hukuma wasiƙa ba sai yau. Ina rubuta ta da yawun iyayen da muka sha tattauna wannan magana da su, da abokan sana'ata da suka ce in sa har da su, da kuma waɗanda abin ya fi shafa, wato yaran da ake zubawa a mota kullum safiya, waɗanda ko sunansu ba su iya rubutawa ba balle su kawo muku kuka.

Kwanakin baya na tsaya a wani shingen bincike, ina bayan wata ƙaramar mota. Jami'i ya leƙa, ya ga direba bai ɗaura bel ba, ya sa shi ya faka, ya rubuta masa tara. Daidai ne. To amma a gidan gaba akwai mace rungume da jariri, a baya kuma yara biyu ne a tsaye, ɗaya ya zuro kai ta tsakanin kujeru yana kallon jami'in. Direba ya ja bel ya ɗaura, aka ɗaga masa hannu, mota ta hau titi. Mutum ɗaya aka tsare wa rai a motar nan, shi ne kuma wanda ƙashinsa ya fi na kowa ƙwari. Ban ga laifin jami'in ba, abin da aka rubuta masa ya duba shi ya duba. Da ku masu rubutawar nake.

Kada ku zaci ina kan tudun mun tsira. 'Yata ta fari tana da shekara 2 lokacin da muka fita da ita wata rana, tana kan cinyar mahaifiyarta a gaba. Ba gudu nake ba, ko kilomita 30 ban kai ba. Wani yaro mai keke ya faɗo mini, na taka birki. Ban taɓa shi ba, motar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma yarinyar ta suɓuce daga hannun uwarta, bakinta ya daki gaban motar, sai da aka yi mata ɗinki a leɓe. Tabon yana nan har yau, in ta yi dariya ina ganinsa. Uwarta ta yi ta rantsuwa cewa da hannu biyu ta riƙe ta, kuma na yarda, don na gani. Ni da nake karɓar kuɗin mutane ina koya musu tuƙi, ban san cewa hannun uwa ba ya riƙe yaro a irin wannan lokaci ba. Babu wanda ya taɓa koya mini, babu inda aka tambaye ni a jarrabawar lasisi, babu kuma jami'in da ya taɓa tsayar da ni a kai.

Kukana na farko shi ne shirun da doka ta yi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Kashi 92 cikin ɗari na mace-macen nan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke aukuwa, alhali motocinsu ba su wuce kashi 60 cikin ɗari na motocin duniya ba. Duk da haka, a rahoton hukumar na 2018, ƙasashe 33 kacal ke da dokar kujerar yara (wato kujera ta musamman da ake girkawa a mota a ɗaure yaro a ciki) da ta cika sharuɗɗa, mutanensu kuwa kashi 9 cikin ɗari ne na al'ummar duniya. Da yawa daga cikin sauran, ko dai babu dokar sam, ko kuma akwai wani layi guda mai cewa “a tabbatar yaro yana cikin aminci”, wanda kowa ke fassara shi yadda ya ga dama. Jami'i ba zai iya aiki da irin wannan layi ba, alƙali ba zai iya hukunci da shi ba, uba ma da ke son yin daidai bai san me ake nufi ba.

Sharuɗɗan kuwa ba masu wuyar ganewa ba ne. Doka ta faɗi shekaru ko tsayi ƙarara, aƙalla shekara 10 ko santimita 135. Ta taƙaita zaman yaro a gidan gaba. Ta kuma faɗi irin ingancin da kujera za ta cika kafin a sayar da ita. A Birtaniya yaro yana kan kujerarsa har ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. A Jamus tsayin santimita 150 ne. Kada a ce wannan sha'anin Turai ne kawai: Afirka ta Kudu ta wajabta kujera ga duk yaro ɗan ƙasa da shekara 3 tun 2015. Dokar tasu ba ta kai yadda ake so ba, amma ta fi babu.

Akwai wani tarihi da nake so ku ji, don na san irin muhawarar da za ta tashi a zaurenku ranar da aka kawo wannan ƙuduri. Jihar Tennessee ce ta fara irin wannan doka a Amurka, ta fara aiki a 1978, bayan wani likitan yara, Dokta Robert Sanders, ya yi ta sintiri a majalisar jihar. Kafin a amince, sai da wasu 'yan majalisa suka cusa sassauci: in babba yana rungume da jariri, babu laifi. Sun ga kamar rashin tausayi ne a raba uwa da ɗanta a mota. Bayan 'yan shekaru dole aka cire sassaucin, saboda jariran da aka rungume ɗin sun ci gaba da mutuwa. Zuwa 1985 duk jihohin Amurka 50 sun yi dokar. In wani abokin aikinku ya miƙe ya ce a bar wa uwa ɗanta a cinya, ku gaya masa an riga an gwada.

Dalilin ba ya buƙatar digiri. Motar da ke tafiya kilomita 50 a awa, in ta daki abu ta tsaya nan take, duk abin da ke cikinta yana ci gaba da tafiya a wannan gudu har sai wani abu ya tare shi. Daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar daga hawa na uku na bene. A wannan ƙiftawar ido nauyin yaro yana ninkuwa sau 30 ko fiye. Jaririn da bai wuce kilo 10 ba sai ya koma kilo 300. Wace uwa ce za ta riƙe kilo 300 da aka fizge mata ba shiri? In kuma ita ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai bi yaron ya matse shi da gaban mota. In ta ɗaura bel ɗin ta haɗa da shi, kamar yadda na ga wasu na yi suna ganin dabara ce, nauyinta ne zai danne shi a kan bel ɗin. Ta ko'ina yaron ne a tsakiya.

Sai jakar iskar nan da ke fashewa daga gaban mota in an yi karo. Don babba aka yi ta, tana fitowa da gudun da kan kusanci kilomita 300 a awa. Ga babban da ya ɗaura bel, matashi ce. Ga yaron da ke kan cinya ko yake tsaye ya dafa gaban mota, duka ne a ka. Shi ya sa aka hana sa kujerar jariri mai kallon baya a gidan gaba muddin jakar tana kunne. Gargaɗin yana manne a jikin abin kare rana na yawancin motoci, da hoto da komai, amma ban taɓa samun ɗan koyon da ya ce mini ya lura da shi ba.

Kallon bayan nan shi ne abin da iyaye suka fi yi mini gardama a kai. Suna cewa ta yaya za a juya jariri ya ba mutane baya. Amsar tana wuyansa. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na nauyin jikinsa, na babba kuwa bai fi kashi 6 cikin ɗari ba, ga ƙashin wuyan jaririn bai gama ƙwari ba. In yana kallon gaba aka yi karo, ɗamarar ta riƙe jiki, kai kuma ya wuce, lakar ce ke ɗaukar fizgar. In yana kallon baya, kai da wuya da gadon baya duk tare suke nutsewa cikin kujerar. Wani farfesa ɗan Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fara wannan tunani a farkon shekarun 1960, bayan ya ga yadda 'yan sama jannati ke kwanciya rigingine don jikinsu ya jure fizgar tashi. Har gobe a Suwidin yara suna kallon baya har wajen shekara 4, kuma tana cikin ƙasashen da yara suka fi tsira a mota. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce aƙalla wata 15. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa tun 2018 ta ce a bar yaro yana kallon baya muddin kujerar tana ɗaukarsa.

Wani kuskuren kuma na masu ƙoƙari ne, waɗanda ke ɗaura wa ɗan shekara 5 bel ɗin manya su ce an gama. Bel mai kama wuri uku da Nils Bohlin ya ƙera wa kamfanin Volvo a 1959 ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa, amma da jikin babba aka auna shi. A jikin ƙaramin yaro, na ƙugu yana hawa kan ciki, na kafaɗa yana bi ta wuya. Wuya ya dame shi, sai ya tura bel ɗin bayansa ko ƙarƙashin hammata. In aka yi karo, abin da aka ɗaura don ya cece shi shi ne zai shige cikinsa ya taɓa hanji da laka. Maganin wannan ɗan matashin ƙarin tsayi ne, wanda ke ɗaga yaro har bel ya sauka kan ƙashin ƙugu da tsakiyar kafaɗa. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna yana rage mummunan rauni da kashi 45 cikin ɗari ga 'yan shekara 4 zuwa 8, in aka kwatanta da bel kaɗai. Kujerar jariri tana rage mutuwa da kashi 71, ta 'yan shekara 1 zuwa 4 kuma da kashi 54. Da a ce allura ce ke rage mutuwar jarirai da kashi 71, da tuni kun ware mata kasafi.

Kukana na biyu a kan kasuwa ne. Bayan abin da ya sami 'yata na fita neman kujera, na samu wata ta hannu, mai kyau a ido, na saya ina murna. Sai daga baya wani da ya san kan abin ya juya ta ya nuna mini: babu tambarin gwaji, babu ranar ƙira, ga tsagewa siririya a ƙasan robar. Wataƙila ta taɓa shiga haɗari a wata ƙasa aka jefar, ta biyo kaya ta iso hannuna. Kujerar da ta taɓa yin karo mai tsanani ta gama aiki, ko da ba a ga komai a jikinta ba. Robar ma tana tsufa, shi ya sa masu ƙerawa kan sa mata wa'adi na shekara 6 zuwa 10. Akwai kuma wasu abubuwa na yadi da ake tallatawa a intanet da sunan kujerar mota, waɗanda matashi ne kawai da igiya. Uban da ya sayi irin wannan ya fi wanda bai saya ba shiga haɗari ta wani ɓangaren, don shi hankalinsa a kwance yake.

Kujerar da aka gwada bisa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya tana da tambari ruwan lemo, da harafin E a cikin da'ira. Tarayyar Turai ta daina barin a sayar da sababbin kujeru na tsohuwar ƙa'ida, R44, tun watan Satumba na 2024. Ku tambayi kanku ina ragowar kayan da ƙasashe masu tsauri suka ƙi kan nufa. Inda babu mai dubawa suke zuwa. In kuka wajabta kujera ba ku tsare ƙofar shigowarta ba, 'yan jabu kuka buɗe wa kasuwa.

Na uku ya shafi gidanmu, mu masu koyar da tuƙi, kuma ba zan kare mu ba. Abin da za a tambaya a jarrabawa shi muke koyarwa. Ana tambayar alamun hanya, ana gwada ribas da fakin, ba a tambayar inda yaro zai zauna. Mutum ya karɓi lasisi yau, gobe ya ɗauki 'ya'yansa, bai san akwai ɗan maɓalli a gefen ƙofar baya da ke hana yaro buɗe ta daga ciki ba. Mallakar kujerar ma ba ta wadatar. Hukumar kiyaye haɗura ta Amurka ta gano kusan kashi 46 cikin ɗari na kujerun yara ba a ɗaura su daidai, a ƙasar da ta shekara kusan 40 da dokar a kowace jiha. Abubuwan da ake kuskurewa ƙanana ne. Kujera in an girke ta, kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi in an jijjiga ta daga gindi. Ɗamarar yaro ta kama jiki yadda ba za a iya tsunkule ta da yatsa biyu a kafaɗa ba. A cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi, don kaurin yana lotsewa a karo ya bar ɗamara sakwa-sakwa. Motoci da yawa suna da ƙarafunan ISOFIX a lungun kujerar baya, inda kujerar yaro ke maƙalewa ba sai da bel ba, masu motar kuma ba su san da su ba. Duk wannan darasin minti 20 ne. Ni yanzu ina koyar da shi, amma don ra'ayin kaina, kuma wasu ɗaliban suna ganin ɓata musu lokaci nake.

Shi kansa direban akwai abin da ke kansa, don kujera ba ta hana haɗari, rage ɓarnarsa take. Duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4. Mai waya a hannu yana tuƙi ya ninka yiwuwar yin haɗari kusan sau 4. Waɗannan kun sani, dokokinsu suna nan, aiwatarwa ce ke tangal-tangal. Abin da nake nema shi ne hukuncin ya ƙaru in da yaro a motar. Babban da ya shiga motar mai ganganci yana iya cewa a sauke shi. Yaro ba ya iyawa.

Akwai kuma wanda ba a cika magana a kai ba, wato barin yaro a mota a kulle “minti biyu kawai”. Zafin cikin mota kan ƙaru da kusan digiri 11 cikin minti 10, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi sau 3 zuwa 5 fiye da na babba. Sauke gilashi kaɗan ba ya maganin komai. A Amurka, inda ake ƙirgawa, yara kusan 37 ke mutuwa haka duk shekara, fiye da rabinsu mantawa aka yi da su. Italiya ta kai ga wajabta na'urar tunatarwa a kujerar duk yaro ɗan ƙasa da shekara 4 tun 2019. Ban ce ku kai nan ba. Amma a rubuta cewa laifi ne.

Yanzu bari in faɗi abin da za a ce mini, don na sha jinsa, kuma ba duka ne shirme ba. Za a ce kujerar tana da tsada, gaskiya ne. Za a ce mai 'ya'ya huɗu ƙanana da ƙaramar mota ya zai yi, alhali da ƙyar kujera uku ke jeruwa a baya. Za a ce mafi yawan yara ba a motar gidansu suke tafiya ba, a tasi ne da bas da motar makaranta. Duk haka ne. Ƙasashen da suka riga ku ma sun yi wa motar haya sassauci, sun kuma yi tanadi ga tafiyar gaggawa. Sassauci ga wanda ba shi da hali daban, barin kowa sakaka daban. Mutumin da ya iya sayen mota, yake zuba mata mai, yake sake mata taya, ba a ce masa ya gagara kare jaririnsa ba, in dai an sauƙaƙa masa hanya. Kuma akwai abin da ba ya cin ko sisi: mayar da yaro gidan baya, hana shi tsayuwa, hana shi leƙo kai ta taga ko ta rufin mota. Wannan ko gobe aka fara ba wanda zai ce ba shi da kuɗi.

Tsoron da ya fi kowanne damuna shi ne dokar ta zama sabuwar hanyar tatsa a bakin titi. In haka ta faru, mutane za su tsane ta, su riƙa ajiye kujerar jabu a but don nuna wa jami'i, yaro kuma yana nan a cinya. Ku dubi Filifin. An sa hannu a dokarsu a 2019, da aka zo fara aiki da ita a farkon 2021 jama'a suka yi ca, ga matsin annobar korona, ga mutane da yawa ba su ma san da ita ba, dole aka ɗage aiwatarwa. Dokar ba ta da laifi, shirin ne bai kai ba.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe. Ku rubuta doka mai lambobi, wadda direba da jami'i za su karanta su fahimci abu ɗaya: kallon baya aƙalla zuwa wata 15, kujera ko matashin ƙarin tsayi har tsayin santimita 135, babu ƙaramin yaro a gidan gaba, babu rungume yaro a cinya a motar gida. Ku sa ranar fara aiki da nisa, shekara guda ko fiye, a cika wannan tsakanin da wayar da kai a rediyo da talabijin da wayoyin mutane, cikin harsunan da suke ji. In ranar ta zo, karon farko gargaɗi ne a rubuce. Karo na biyu tara, amma a yafe ta ga wanda ya kawo shaidar ya sayi kujera ta gaske cikin 'yan makonni. Jaririn ya fi baitulmali buƙatar kuɗin.

Ku cire wa kujerar yara harajin shigowa da na saye. Birtaniya, da duk arzikin mutanenta, kashi 5 cikin ɗari take karɓa a kanta maimakon 20 da take karɓa a kan yawancin kaya. Ku ba jami'an kwastan da hukumar ingancin kaya umarni kada kujera ta shigo sai da tambarin gwaji, a kuma hana tallar na yadin nan. Ku haɗa kai da asibitocin haihuwa, don nan ne ake da uwa da uba a lokacin da zuciyarsu ta fi taushi. A yi musu bayani tun a awon ciki, a kuma buɗe tsarin aro, tunda kujerar jariri shekara guda ko ɗan fiye take aiki kafin ya fi ƙarfinta, wani ya karɓa bayan an duba lafiyarta. Tafiyar farko ta ɗan Adam a mota galibi daga asibiti ce zuwa gida, kuma a cinya yake yin ta.

Ku sa darasin a manhajar makarantun tuƙi, ku sa tambayarsa a jarrabawa, ku fara horar da mu malaman. Ku horar da jami'anku su iya girka kujera da hannunsu, yadda uba zai iya shiga ofishinku ya ce a duba masa ba tare da fargabar za a kama shi da wani laifin ba. Motar makaranta kuma a ƙayyade mata adadi, kowane yaro da mazauninsa da bel ɗinsa, don abin da ake gani da safe, yara a cushe wasu kan wasu, ba ya buƙatar bincike kafin a san ƙarshensa. Sannan a riƙa rubuta, a duk haɗarin da yaro ya ji rauni, inda yake zaune da ko a ɗaure yake. Alƙaluman da na kawo a wasiƙar nan kusan duk na ƙasashen da ke ƙirgawa ne. Inda ba a ƙirgawa, yaron da gilashin gaba ya kashe ana rubuta shi “fasinja ɗaya”.

Ƙasashen duniya sun yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya za su rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na wa'adin ya riga ya tafi.

Saura magana ɗaya, wadda ɗalibaina kan rufe mini baki da ita: “Malam, ai in kwana ya ƙare ko da kujera sai an tafi.” Ban taɓa musa wannan ba. Nakan dai tuna musu da mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Nakan kuma tambaye su me ya sa suke kulle motar in sun faka. Yawanci dariya suke yi, wasu kuma washegari su dawo su ce in nuna musu inda ƙarafunan nan suke a motarsu.

Motocinku ma muna ganinsu a hanya, da na jami'anku, da yaran da ke ciki. Ina roƙon ku fara da su. In kwamitinku ya sa ranar jin ra'ayin jama'a, ku gayyace mu, mu da ma'aikatan ɗakin gaggawa da iyayen da abin ya taɓa. Zan zo da kujera biyu, ta gaske da waccan mai tsagewa, don har yanzu ban jefar da ita ba.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin koyar da tuƙi, a madadin iyaye da abokan sana'a